Kaduna: Ga Masu Neman Aiki, Ga Aiki Na Neman Mai Yi

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu. Ta ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, ta sallame su, ta yi shelar ɗaukar sababbi 25,000. Takardun neman aiki suka yi ta kwarara har suka haura 40,000. Ba a je ko'ina ba, a 2018, aka sallami fiye da 4,000 daga cikin sababbin, aka ce wasunsu ko wasiƙar karɓar aiki ba su iya rubutawa daidai ba. A 2022 aka ƙara korar 2,357.

Gardamar da aka yi a lokacin duk a kan gwamnan jihar na lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ta ƙare: ya kyauta ko ya yi zalunci, jarrabawar ta gaskiya ce ko dabarar rage ma'aikata ce. Har gobe ana wannan musu, kuma ba shi ne a gabana ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne a ce jihar da matasanta ke yawo da kwalaye a hammata suna neman aiki ido rufe, ita ce kuma ta buɗe gurbi 25,000 ta sha wuya kafin ta cike su da waɗanda za ta iya riƙewa. Wannan abu bai tsaya a makarantun firamare ba. Haka yake a asibitoci, haka yake a masana'antu, haka yake a wurin gini.

Ba za a ce Kaduna ta rasa makarantu ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya tun 1962, ga asibitin koyarwarta a Shika. Kwalejin fasaha ta Kaduna, wato Kadpoly, ta samo asali tun 1956. A Zariya ake koyon tuƙin jirgin sama, a can cibiyar fasahar sufuri da ta sarrafa fata suke, ga cibiyar albarkatun ruwa a Mando. Hukumar NBTE da ke kula da ilimin fasaha a ƙasar nan baki ɗaya a Kaduna hedikwatarta take, haka ma Cibiyar Malamai ta Ƙasa. Asibitin ido na ƙasa, da na kunne, da na ƙwaƙwalwa a Barnawa, duk a cikin gari ɗaya. Jihohin Arewa da yawa da za su samu rabin wannan da sun yi biki.

To ina gizo ke saƙa? A ganina, mun ɗauka makaranta ce ke samar da ƙwararre, alhali makaranta share fage kawai take yi. Ƙwarewa a gefen ƙwararre ake samunta, shekara da shekaru, ana kallon hannunsa yana gyara naka. Abin da ya ragu a Kaduna su ne waɗannan da ake koyo a gefensu, kuma tallar aiki a jarida ba ta haifar da su.

A ɗauki likita, don a nan abin ya fi fitowa fili. Shekara shida a jami'a, in yajin aiki bai ci wata takwas ba kamar yadda aka yi a 2022. Shekara ɗaya ta horo a asibiti, ɗaya ta bautar ƙasa. Sannan shekara biyar ko shida, wani lokaci fiye, a ƙarƙashin manyan likitoci kafin ya zama kwansaltan a fannin tiyata ko yara ko mata. Kusan shekara goma sha biyar ke nan. Kuma kwalejojin da ke ba da shaidar ƙwarewa ba sa amincewa wani sashe na asibiti ya horar da kowa sai yana da adadin manyan likitoci da kayan aikin da suka ƙayyade. Saboda haka ranar da kwansaltan biyu suka bar sashen da ke da huɗu, asarar ba ta likita biyu ba ce. Izinin horarwa na iya tafiya, ƙananan likitocin da ke sashen su watse neman inda za su ƙarasa, waɗanda ya kamata su zama manya nan da shekara biyar su zama manya a wani gari. Wanda ya rage kuma aikin mutum uku ya dawo kansa, ya kwana a asibiti ya wuni a asibiti, har shi ma ya fara cike takardun tafiya.

A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar Najeriya cikin 'yan shekarun da suka gabata, waɗanda ke aiki a gida kuma ba su wuce 55,000 ba, ga mutum fiye da miliyan 200. Hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ce 42,000 sun fita cikin shekara uku. A 2019 ne Ministan Ƙwadago na lokacin, Dokta Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya ce muna da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. An ji maganarsa.

Sai dai in aka ce "sun tafi", tunanin mutane Ingila da Amurka yake zuwa. A Kaduna tafiyar hawa-hawa ce, kuma matakin farko ko gida ba a sauyawa. Likitan jiha da ke asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho yana iya komawa ɗaya daga cikin asibitocin tarayya da ke garin, ya samu albashi da alawus mafi tsoka, 'ya'yansa suna makarantarsu, matarsa tana wurin aikinta. Shekaru da dama babban ƙorafin likitocin jihohi ke nan, cewa tsarin albashin da tarayya ke biya su ba sa samunsa cikakke ko a kan lokaci. Mataki na biyu Abuja, wadda tun da aka buɗe jirgin ƙasa daga Rigasa a 2016 ta zama kamar bayan gida. Akwai kuma ƙungiyoyin agaji na ƙetare, waɗanda ke ɗauke likita mai hannu daga ɗakin tiyata su zaunar da shi a ofis yana rubuta rahoto, a kan albashin da babu gwamnatin jihar da za ta iya karawa da shi. Sannan Saudiyya. Ga likita Musulmi ɗan Arewa, Saudiyya ba ta da wuyar sha'ani irin ta Turai: zai tafi da iyalinsa, tarbiyyar yara ba za ta hana shi barci ba, Umra kuma tafiyar mota ce. A 2021 sai da aka ga likitoci sun yi cincirindo a wani otal a Abuja don ganawa da masu ɗaukar aiki na Saudiyya.

Lissafin kuɗin ma ya sauya gaba ɗaya daga Yunin 2023. Kafin a saki naira, dala a hukumance tana wajen naira 460. A 2024 ta haura 1,500. Wanda ake biya da riyal ko fam albashinsa ya ninka sau uku in an juya shi naira, bai ƙara aikin komai ba. Abokin karatunsa da ya zauna a gida kuwa kuɗin man da zai kai shi Shika ya dawo Kaduna ya cinye masa kaso mai yawa. Duk wa'azin kishin ƙasa da za a yi masa, da daddare wannan lissafin zai yi.

Ga kuma tsoro. A Yulin 2021 'yan bindiga suka shiga rukunin gidajen ma'aikatan cibiyar tarin fuka da kuturta da ke Saye, kusa da Zariya, suka kwashi mutane. A ƙarshen Disamban 2023 aka ɗauke wata likita daga gidajen ma'aikatan asibitin ido na ƙasa, a cikin Kaduna, ta yi kusan wata goma a hannunsu, har likitoci masu neman ƙwarewa suka yi yajin aiki a faɗin ƙasa a kanta. In haka ta faru a babban birni, me za a gaya wa wanda aka tura Birnin Gwari ko Giwa ko Kajuru? An samu sauƙi a wasu wuraren tun sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, kasuwar Birnin Gwari ta dawo ci. Amma ɗan kasuwa yana zuwa da safe ya koma da yamma. Ungozoma kwana za ta yi.

Maganar ungozoma ma tana da nata ƙullin. Jihar na da mazaɓu 255, an kuma yi shirin kowace ta samu cibiyar lafiya a matakin farko da aka gyara. Gini ya samu a wurare da dama. Matan karkara kuwa, da mazajensu, sun fi sakin jiki da mace a ɗakin haihuwa. Macen da ta yi karatun yawanci a birni take, da aure, da yara a makaranta, maigidan kuma ba zai yarda ta tare a ƙauyen da babu gidan ma'aikata, babu ruwa, babu tsaro ba. Sai a yi ta bin hanya a ma'aikata har a dawo da ita cikin gari. A takarda jihar na da ma'aikaciya, a ƙauyen kuma babu kowa bayan la'asar. Dabarar da ta fi kama hankali ita ce a ɗauko 'yar garin tun daga sakandare a horar da ita ta koma gida, amma hakan na buƙatar a ce akwai 'yan mata a garin da suka ci darussan kimiyya, wanda ya sake mayar da mu kan malamin da babu.

Akwai wani abu da ba a cika son faɗa ba. Tun rikicin 2000 da na 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011, garin Kaduna ya rabu, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, kogi ya zama iyaka. Kafin nan Kaduna gari ne da ke jawo gwanaye daga ko'ina a ƙasar. Da yawa sun tattara sun koma Abuja ko garuruwansu ba su dawo ba. Waɗanda suka rage kuma, har yau akwai mai duba a wane ɓangaren gada wurin aiki yake kafin ya karɓa, musamman in akwai aikin dare. Mai ɗaukar ma'aikata a Kawo ko a Sabon Tasha, a zahiri daga rabin gari yake zaɓe.

Ɓangaren masana'antu labarinsa ya fi tsufa, kuma a nan ne aka fi ganin abin da ke faruwa in sarƙar koyo ta tsinke. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, Arewa da UNTL da Nortex suka biyo baya. Masana'antar ƙera makamai ta DICON ta zo a 1964, Peugeot ta fara haɗa motoci a 1975, matatar mai a 1980. Waɗannan wurare ba kaya kawai suke fitarwa ba. Yaro zai shiga da shaidar makarantar sana'a, a haɗa shi da wani dattijo mai kula da tukunyar tururi ko injin saƙa ko wutar masana'anta, bayan shekara goma shi ma an haɗa shi da nasa yaron. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007, sauran masaƙun ma suka durƙushe. Ƙwararrun da suka fito wasu suka kama acaɓa, wasu suka koma gona, wasu suka rasu suna jiran haƙƙoƙinsu. Shekara ashirin ke nan babu yaron da ya tsaya a gefensu. Wanda yake ɗan shekara arba'in a lokacin yanzu ya haura sittin.

Shi ya sa duk lokacin da aka yi bikin zuwan mai zuba jari nake tambayar kaina su wa za su riƙe injinan. Olam ta buɗe katafaren kamfanin abincin kaji da ƙyanƙyasa a Chikun a 2017. Ga kamfanin ƙarfe a Gujeni ta Kagarko. Ga bututun iskar gas na AKK mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020, wanda ya ratsa jihar. Leburori da masu gadi da direbobi ana samunsu a take. Amma mai waldar ƙofa da taga daban, mai waldar bututun gas daban: na biyun sai an gwada ɗinkinsa da na'ura, sai yana da shaidar da kamfani da masu inshora suka yarda da ita. In babu shi a Kaduna za a ɗauko shi daga Fatakwal ko Warri ko Indiya, 'yan gari kuma su ce an nuna musu wariya. Wani lokaci wariyar gaskiya ce. Sau da yawa kuma gurbin ne babu mai cike shi. Ko a gine-ginen unguwa, mai kuɗin da ke son tayil ya kwanta daidai ko silin ya fita tsaf sau da yawa 'yan Togo da Benin yake nema, ya biya su fiye da na gida bai yi ƙorafi ba.

Ba wai hannu ne babu ba. Duk wanda ya shiga kasuwar maƙera ta Panteka ya san akwai. Mutanen da ke ƙera injin niƙa da na casar shinkafa da na gyaɗa daga tarkacen ƙarfe, waɗanda in ka kawo musu wani ƙarfen injin da ya karye za su dube shi su fitar maka da irinsa, ba za a kira su marasa ƙwarewa ba. Kuma su ne suka riƙe tsarin maigida da yaro da masana'antu suka saki. Matsalarsu takarda, da lissafin awo, da karanta zanen injiniya. A tsallaken titi kuma ga ɗalibin Kadpoly da ya san zanen da lissafin, amma injinan da ya kamata ya koya a kansu sun tsufa ko babu wuta, ya gama difloma hannunsa bai yi baƙi ba. Haɗin gwiwar da aka fara tsakanin Kadpoly da NBTE da mutanen Panteka, na gwada abin da mutum ya iya a ba shi shaidar ƙwarewa ta ƙasa ko bai zauna a aji ba, yana cikin abubuwa mafi ma'ana da aka yi a wannan fanni. Haka cibiyoyin koyon sana'a da gwamnatin Uba Sani ta gina a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf. Inda za a gane ko za su yi tasiri shi ne wajen masu koyarwa. Tsarin aikin gwamnati da kwali yake auna mutum. Gwanin Panteka ba shi da kwalin da za a ɗora shi a matakin albashi mai daraja, kuma abin da yake samu a rumfarsa ya fi abin da za a ba shi. Mai kwalin da tsarin ya yarda da shi kuma wataƙila bai taɓa riƙe abin walda na awa ɗaya ba. In ba a samo hanyar biyan gwani kuɗin gwani ba, za a cika azuzuwan da masu karanta wa yara littafi.

Mu ma iyaye da hannunmu a ciki. Shekara da shekaru ana fifita mai digiri a kan mai babbar difloma wajen matsayi da ƙarin girma, Majalisar Tarayya ta zartar da dokar soke bambancin a 2021 amma ba a sa mata hannu ba. Yaro mai ƙoƙari da ya ce fasaha yake so sai a ce masa ya nemi jami'a tukuna, ko da kwas ɗin da zai samu babu mai nemansa a kasuwa.

Ita kanta ɗaukar aikin wani ciwo ce. A ma'aikatun tarayya, an yi shekaru shugaban asibiti ko jami'a da ma'aikacinsa ya ajiye aiki ba ya iya maye gurbinsa kai tsaye. Sai an nemi izini daga ofishin shugaban ma'aikata, a bi ta ofishin kasafi, a bi ta hukumar daidaita rabon muƙamai, kowanne da watanninsa. Likitoci sun daɗe suna neman a bari in ɗaya ya fita a ɗauki ɗaya nan take. Kafin izini ya fito, wanda ake so ya samu wani wuri. In ya fito kuma, sai jerin sunaye su fara zuwa daga manya, kowa da nasa kason. Binciken da Majalisar Wakilai ta yi a 2023 ya fito da yadda ake sayar da guraben aiki da kuɗi. Sashen da ke neman mai sa barci a ɗakin tiyata sai ya tashi da ma'aikatan ofis biyar. Yaron da ya ci jarrabawa da kyau amma ba shi da uwa a gindin murhu ya riga ya san wannan, shi ya sa wani ko nema ba ya yi.

'Yan kasuwa masu kukan ba su samun ƙwararru su ma a tambaye su nawa suke biya. Jihar ta amince da 72,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024, amma makarantu da asibitocin kuɗi da yawa suna neman malamin lissafi ko ma'aikaciyar jinya a ƙasa da haka. Kowa kuma wanda ya riga ya goge yake so. In ka ce su horar da sabo, amsar ɗaya ce: in na koya masa, gobe wani zai ƙara masa dubu ashirin ya ɗauke shi. Gaskiya ne, hakan na faruwa. Amma tun da kowa ya yi wannan lissafin, babu mai horarwa, sai ƙwacen 'yan kaɗan ɗin da ake da su daga hannun juna.

Gwamnati ta gwada ɗaure mutane. A 2023 an kawo ƙudiri a Majalisar Wakilai na hana likita cikakken lasisi sai ya yi shekara biyar a gida. A 2024 hukumar ma'aikatan jinya ta ce sai wanda ya yi shekara biyu yana aiki za ta tantance wa takardun fita, aka yi ta zanga-zanga. Ina ganin adalci ne jihar da ta ɗauki nauyin karatun ɗalibi ta sa shi ya yi mata aiki na wasu shekaru, da yarjejeniya tun farko. Amma irin waɗannan dokoki ƙananan suke kamawa, waɗanda suka fito jiya. Kwansaltan mai shekara ashirin a aiki babu dokar da ta taɓa shi, kuma shi ne wanda tafiyarsa ke rushe sashe. An kuma ƙara yawan ɗaliban da makarantun lafiya za su ɗauka, daga 28,000 zuwa 64,000 a faɗar ministan. Ɗalibai sun ninka, malamansu suna raguwa. In da ni ake tambaya, kuɗin da ake da shi, komai ƙanƙantarsa, a fara zuba shi a kan masu koyarwa: babban likita, tsohuwar ungozoma, malamin kimiyya da ya goge, gwanin injin da ya yi ritaya amma idonsa na gani. A ba su gida mai tsaro, a biya su alawus na kowane yaro da suka yaye, a bar wanda ya fita waje ya riƙa zuwa wata ɗaya ko biyu a shekara ba tare da an wahalar da shi da takardu ba.

A Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya buɗe asibiti mai gado 300 a Millennium City, ginin da aka fara tun zamanin Gwamna Namadi Sambo. A shekarar ce kuma aka amince da cibiyar lafiya ta tarayya a Kafanchan da jami'ar tarayya a Kachia. Duka ukun alheri ne, Kudancin Kaduna musamman ta daɗe tana jira. Duka ukun kuma za su buƙaci manyan likitoci da malamai da masu kula da na'urori, kuma ba daga Landan ko Riyad za su dawo ba. Daga Barau Dikko da Shika da jami'ar jiha za a ɗebo su, su kuma waɗannan su waiwayi manyan asibitocin Saminaka da Kachia da Birnin Gwari su ɗauke ɗaya ko biyun da suka rage a can.